Tabarma a Gindin Famfo

Shugabannin ƙungiya sun ce in zauna da ku in gaya muku yadda aikin nan yake, tunda ni gwiwa ta fara ƙi, ku kuma an kawo ku ne ku gaje mu. To, bismilla. Amma tun jiya da na ji ɗayanku yana cewa ai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ba wani abu ba ne, kwance noti ne da ɗaure noti, maganar ta tsaya mini a rai. Ba zan nuna shi ba, ya san kansa, ga shi can yana sosa ƙeya. Ban ga laifinsa ba kuwa. Ni ma ranar da aka kai ni wajen Baba Ɗanjuma a Karaye haka na ɗauka, har ina ganin kafin damina ta faɗi na ƙware na kama gabana.

Aikin farko da na bi shi a Yammedi ne. Baba Ɗanjuma tsohon ma'aikacin ruwa ne da ya yi ritaya, gajere, mai faɗa kamar me, kuma ba ya maimaita magana. Ya ɗora mini akwatin kayan aiki a bayan keke, sannan ya miƙo mini wata tsohuwar tabarmar kaba duk ta sha baƙin mai. Na ɗauka ta salla ce, har na ce a raina wannan tsoho ko ƙyama ba ya ji. Da muka isa, kafin ya taɓa ko noti ɗaya sai ya ce in shimfiɗa ta a gindin famfo. Ya aika a kira mai unguwa da liman, ya kuma ce a shiga gida-gida a gaya wa tsofaffin mata mai gyara ya zo, duk mai son gani ta fito. Muka zauna jira, rana tana ta ɗagawa. Na ce, "Baba, ai da mun fara kafin su zo." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai Habu, ruwan gidanku ne?"

Ku hannun famfo da bakinsa kuke gani, amma aikin yana ƙasa. Za ka buɗe kai, ka cire sarƙa, sannan a fara zaro bututu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da rodinsa a ciki, kowanne cike da ruwa, nauyi kamar ka ciccibi ɗan maraƙi. Ƙarti suna ɗagawa, kai kana damƙe na ƙasa da makama, ka kwance na sama da babbar sifana mai haƙora. In hannun wani ya yi sanyi bututu ya suɓuce ya koma rami, shi ke nan, kun kashe wa mutane rijiya, sai dai a nemo masu ƙugiya daga Kano, su ma ba kullum suke dacewa ba. A can ƙarshe silinda take, a cikinta akwai wata 'yar roba da ba ta fi tafin hannun jariri ba, ita ke turo ruwa sama. Sau tari duk wannan wahalar saboda ita ake sha. Tuƙi ne ke cinye ta. Famfon da ake ɗiba dole robarsa ta cinye, ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Duk abin da Baba ya ciro, a tabarma yake ajiye shi ta hagu, sabon da zai sa kuma ta dama. Sai ya ɗauki tsohon ya danƙa wa mai unguwa a hannu, ya ce a zagaya da shi kowa ya taɓa ya ga inda ya ci. In ya ciro abu ya ga da sauransa, sai ya ɗaga sama ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau, ga shi zan mayar, ku shaida." Tsofaffin kayan kuma ba ya tafiya da su, a garin ake barinsu. Dalili kuwa, a lokacin an yi masu gyara da suka ɓata mana suna. Mutum zai ciro silinda mai lafiya ya ce ta mutu, ya sa wata, ya kai wadda ya ciro zuwa ƙauye na gaba a matsayin sabuwa. Mutanen ƙauye ba su san silinda ba, amma ba wawaye ba ne, sun san ana cutarsu, sai ya zama duk wanda ya shigo da sifana ɓarawo ne har sai ya nuna ba haka ba.

Abu na ƙarshe shi ne kulorin, farin garin nan mai warin da ke hawa kai. Tunda an ciro bututu an sha taɓa shi da hannu, ƙura da kashin dabbobi sun hau, dole a dama kulorin a bokiti a zuba a ramin ya kashe ƙwayoyin cuta. Sai a ɗaure hannun famfo da igiya zuwa washegari, a tuƙa a zubar har warin ya tafi. Baba ba ya zuba shi da hannunsa. Zai buɗe, ya zagaya kowa ya shinshina, ya faɗi sunansa da amfaninsa, sannan ya miƙa wa tsohuwar da ta fi kowa baki a wurin ita ta zuba. Washegari mu sake tako keke mu dawo, don kawai ya tara moɗa ya sha na farko a gaban jama'a. Tafiya biyu a kan aiki ɗaya. Na tsani wannan dawowar, wallahi na tsane ta, amma na yi ta yi har na saba.

Mutanen da za ku yi wa aiki kuma sai haƙuri. Akwai wani famfo a yankin Falgore da aka kira ni, mai unguwa yana ta rantsuwa ba mahaluƙin da ya taɓa shi, haka kawai aka wayi gari ya tsaya. Na buɗe kai na tarar an yanko robar tayar keke an ɗaure sarƙa da ita, an kuma ɗura manja a madadin giris, tururuwa har sun yi gida. Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe aljanun garin nan sun iya yankan taya." Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ƙanensa ne. Kuma da zarar ka buɗe akwati, kowa a garin ya zama injiniya. Wannan ya ce ɗaure nan, wancan ya ce ai mai gyaran bara ba haka ya yi ba. Manoma su ce shanun makiyaya ne suka farfasa siminti, makiyaya su ce yaran manoma ne ke lilo da hannun famfo, dukansu kuma gaskiya suka faɗa. Kai dai ka amsa gaisuwa har ƙarshenta, ka sha furar da aka kawo maka ko ka ƙoshi, kada ka ɗauki ɓangare.

Ƙungiyar nan da kuke gani da ofis da babura, a zauren wani malamin makaranta ta fara. 'Yan asalin Karaye da Rogo ne, malamai da ma'aikatan ofishin hakimi da 'yan kasuwa, suka gaji da ganin famfuna a mace a ƙauyukansu, suka haɗa kai. Bayan rasuwar Baba Ɗanjuma suka ɗauke ni da Sale, abokin koyona a wajensa. Sale ya fi ni hannu, wannan ba na musu, da kunne kawai yake gane ciwon famfo. Muna tafe a haka, a hankali, har aka ji labarinmu, masu ba da tallafi daga nesa suka shigo. Ba mugayen mutane ba ne, su ma akwai masu tambayarsu. Amma da zuwansu gaggawa ta zo: a gama ƙauyuka kaza kafin ruwa ya sauka, a ɗauki hoto, a kai rahoto. Aka raba mu, ni ɓangaren Karaye, Sale ɓangaren Rogo. Zaman jiran tsofaffin mata su gama shiri su fito ya zama abin da ake yi mana faɗa a kansa a ofis.

Yanzu na zo kan shekarar da ba na son tunawa. Akwai wani ƙauye a yankin Fulatan, ba zan faɗi sunansa ba, mu dai Gidan Marke muke ce masa saboda wani ƙaton marke da ke tsakiyarsa. Mutanensa suna noma suna kiwo, za ka ji mutum ya fara magana da Hausa ya ƙarasa da Fillanci. Kafin a yi musu famfo, daga tafki suke sha, tare da shanunsu. Da bazara famfon ya lalace, Sale ya je ya tarar ranar kasuwa ce, gari ba kowa. Ga wani ƙauyen yana jiransa, ga ofis na ta kira a waya. Ya samu wasu masu sharar gona suka taya shi ɗaga bututu, ya canza roba, ya dama kulorin ya zuba, ya ɗaure hannun famfo, ya ce da ɗayansu ya sanar da gari kada a sha sai gobe. Ashe mutumin baƙo ne, ɗan ƙodago, da ya gama aikinsa ya wuce garinsu. Gyara dai ya yi kyau, ba inda za ka kushe shi. Tabarma ce kawai ba a shimfiɗa ba.

Mutum ɗaya ce ta gani, Iya Hajo, ungozomar garin. Ta fito daga gidan da aka haihu, ta tsaya hutawa a inuwar marke, ta hango baƙo yana juye farin abu a cikin ruwansu, ya hau babur ya tafi. Da yamma 'yan mata suka kwance igiyar suka tuƙa, ruwa ya fito yana wari. Iya Hajo ba ta yi kururuwa ba. Ta je wajen mai unguwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ga abin da ta gani, tana so a tambayo mata mene ne. Tambaya ce kawai. Amma kafin ta zagaya gidaje ta zama wani abu. Kun dai san maganar da ke yawo a ƙasar nan, cewa ana zuba wa mutane abu a ruwa don mata su daina haihuwa. To, ita ce ta tashi.

Shugabanmu a lokacin Malam Isyaku ne, tsohon hedimasta. Kada in ji wani ya zage shi a gabana. Mutum ne da bai taɓa taɓa kayan ƙungiya ba, babur ɗinsa yake hawa, mansa yake zubawa. Amma ya tsorata. A ganinsa, in ya ce e an zuba magani, to ya tabbatar da jita-jita ke nan, ga shi kuma masu tallafi na shirin zuwa duba aiki. A gabana Sale ya roƙe shi, ya ce, "Malam, ka bar ni in koma da bokitin, in buɗe su shinshina, in sha a gabansu. Ni na yi gaggawa, ni zan gyara." Malam Isyaku ya ce, "A'a Sale, irin wannan magana ba a tsawaita ta. Ku bar ni da ita, zan kashe ta."

Ya je ƙofar gidan mai unguwa, maza suka taru, aka gaisa aka yi addu'a. Ya ce, "Jama'a, ku kwantar da hankalinku, ba abin da aka zuba. Warin sabon ƙarfe ne. Iya kuwa shekaru sun ja, ido ya yi rauni, ga tsakar rana, wataƙila ƙura ta gani." Maza suka gyaɗa kai, suka ce haka ne, Allah ya saka da alheri. Ya dawo yana cewa an wuce wurin.

Abin da bai duba ba shi ne, ba macen da ke garin nan da ba ta taɓa miƙa ranta a hannun Iya Hajo ba. Da wannan idon take yanke cibiya, da shi take duban mai naƙuda ta ce wannan ba ta gida ba ce, maza a kai ta asibiti. Yau an zo an ce idon ba ya gani, alhali su ma hancinsu ya ji warin. Sai matan suka ce, in abin na alheri ne, me ya sa aka ɓoye? Ba su yi taro ba, ba su yi wa kowa rashin kunya ba. Maigida zai ce a ɗebo a famfo, uwargida ta ce to, ta aza tulu ta nufi tafki. Namiji kuwa abin da aka miƙo masa a kofi yake sha, bai san daga ina randa ta cika ba.

Damina ta sauka, ruwa ya wanko duk ƙazantar gari da ta garke ya kai tafki. Gudawa da amai suka shiga yara. An yi rashi, ba sau ɗaya ba. Ni da Sale muka je ta'aziyya gidan wani makiyayi da ya rasa 'yarsa. Na so a ce an zage mu, da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya ɗaga mana murya. Aka ba mu wuri mai kyau, aka amsa gaisuwa da mutunci, aka kawo mana ruwan baƙo a ƙwarya, ja-ja-ja da shi, yana warin laka. Daga inda nake zaune ina hango famfon, lafiyarsa lau, ba kowa a kansa. Na sha, don ba a mayar da ruwa a gidan makoki. Sale ya riƙe ƙwaryar ya kasa kai ta baki. Ba a jima ba ya kawo akwatin kayansa ofis ya ajiye, ya tafi Kano tuƙin a-daidaita-sahu. Har yau in mun haɗu muna hirar komai, ban da famfo.

Rashin nan ya karya Malam Isyaku, ya rame a tsaye. Kun san yadda yake da wuya dattijo irinsa ya janye magana a bainar jama'a, amma ya yi. Da farko ya gaya wa masu tallafi komai da bakinsa, wasunsu suka ja baya, aikinmu ya ragu, ya ce ya ji ya gani. Sannan ya koma Gidan Marke, ya tsaya a ƙofar masallaci bayan la'asar ya ce, "Na faɗa muku ba a zuba komai ba, ba gaskiya ba ne. An zuba, maganin tsabtace ruwa ne, ga shi a hannuna. Tsoro ne ya sa ni, ku yafe mini." Liman ya yi nasiha, maza suka ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya dawo da sanyin rai, mu ma muka ce alhamdu lillahi.

Bayan kaka na bi ta garin in shafa wa sarƙa giris. Na tarar ciyawa ta rufe magudanar ruwa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin famfo, hannun ya yi tsatsa. Na dawo na samu Malam Isyaku na ce, "Malam, Allah ya ba ka haƙuri, amma waɗanda ka ba haƙuri ba su ke ɗiban ruwa ba." Ya ce, "Innalillahi. Shirya ka raka ni."

Muka tsaya a zauren gidan Iya Hajo, ɗanta ya shiga ya yi mana iso. Ba ta fito ba, ta zauna daga bayan ƙofa, muna jin muryarta. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali da gajiya da sanyi, ba ta rage komai ba. Malam Isyaku ya durƙusa, mutumin da ya koyar da rabin ma'aikatan gundumar, ya ce, "Iya, na zo ne in ce kin gani. Abin da kika ce kin gani, haka aka yi. Ni ne na yi ƙarya a kanki."

Ta ce, "Malam, ni fa ban taɓa cewa guba ce ba. Cewa na yi na ga an zuba, a tambayo mini. Kai ka ce ban gani ba."

Ya ce, "Haka ne, Iya."

Ta ce, "Yaran nan da aka binne, ni na karɓe su duka da hannuna. Kana ganin ban san ruwan tafki ba ne? Na sani. Amma wancan na san abin da ke cikinsa, naku ban sani ba, kuma da na tambaya aka mayar da ni makauniya."

Ya ce ta yafe masa, ta ce ta yafe duniya da lahira. Ya ce to ta taimaka ta yi wa mata magana su koma famfo. Ta ce, "Ni ban hana kowa ba, Malam. Na daina ɗiba ne, suka ga na daina." Ta juya ta ce wani abu da Fillanci, aka kawo mana nono, magana ta ƙare a nan.

Daga wannan ne ƙungiya ta kafa dokar da kuka tarar: ba a buɗe famfo sai gari na nan, ba a zuba komai sai da hannun matar garin, in an yi kuskure kuma a faɗe shi tun da zafinsa, ga wanda aka yi wa. Doka mai kyau, amma da tsada muka saye ta. Labarin ya zagaya ƙauyuka, na shekara da shekaru ina zuwa wurin da a da ake tarbata da fura, yanzu sai an ce in zazzage jakata a duba. Ina zazzagewa. Wani lokaci raina ya ɓaci, in ce ni da ban yi komai ba, amma rigar ƙungiya ce a jikina, ba a bambancewa.

Gidan Marke kuwa ban daina zuwa ba. Duk rani, duk kaka, sai na bi. In yi sallama da mai unguwa, in aika gidaje mai gyara ya zo, in shimfiɗa tabarma ko da ba abin da zan ɗora a kai, in buɗe kai in shafa giris, in tuƙa har ruwa ya washe, in tara moɗa in sha. Wani zuwan ba mai fitowa sai awaki. Wani zuwan in hango ana leƙe ta saman danga. A ofis har tsokanata ake yi, wai ga famfon da ya fi kowanne lafiya a ƙasar Rogo, Habu yana ta jinyarsa. Gaskiyarsu, ba abin da ke damunsa, tunda ba mai taɓa shi. Na gaji, ba zan ɓoye muku ba. Akwai ranar da na zauna a gindin marken na ce wannan ne zuwana na ƙarshe. Da lokaci ya zagayo na sake samun kaina a hanya. Malam Isyaku ya rasu ana cikin haka, Allah ya jiƙansa, kuma har ya kwanta ciwo in na je gaishe shi abin da yake fara tambayata ke nan, ko an fara ɗiba.

Ranin da ya wuce, ina Karaye ina fama da gwiwa, sai ga wayar mai unguwar Gidan Marke. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Habu, famfon nan fa ya lalace. Ana tuƙawa ba ya kawo ruwa." Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Tunda nake sana'ar nan ban taɓa jin daɗin lalacewar famfo ba sai ranar.

Da na isa na ga hannun yana ƙyalli, tafin mutane ya goge tsatsar tas, gindin duk caɓi, ga sawun bokitai. Na shimfiɗa tabarma, na aika gidaje, wannan karon aka fito. Muka zaro bututu, na buɗe silinda, roba ta cinye har ana hango haske ta cikinta. Na ajiye ta hagu, sabuwa ta dama. Ina cikin haka sai mata suka dare, ga Iya Hajo surukarta ta riƙo ta a hankali. Ta tsufa ƙwarai, idanun sun yi fari fat. Aka zaunar da ita a bakin tabarmar. Na durƙusa na gaishe ta, ta gane muryata, ta ce, "Mai shan ruwa shi kaɗai, kai ne?" Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta miƙo hannu na sa mata tsohuwar robar, ta shafa ta, ta juya ta, ta ajiye a cinyarta. Sannan ta ce, "To, Habu, yanzu kam da gaske ba na gani. Sai ka faɗa mini abin da ke hannunka."

Na faɗa mata, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko noti ba. Da na zo kan kulorin na buɗe na kai mata hanci, ta ja baya ta ce, "Shi ne." Na dama, aka kama mata bokitin, ta zuba da hannunta.

To, ku tashi, rana ta yi. Akwai famfo a Yammedi yana jiranmu. Kai mai kwance noti da ɗaure noti, bar akwatin, wani zai ɗauka. Ɗauko tabarmar can.